Sharhi Kan Bashin Karatu na NELFUND Daga Ɗalibin da Ya Karɓa

Ina cikin ɗaliban jami'o'in gwamnatin tarayya da suka karɓi bashin karatu daga asusun ba da lamunin ilimi na ƙasa, wanda kowa ya fi sani da NELFUND, kuma da yake na bi hanyar tun daga cike fom har zuwa shigar kuɗi, na ga ya kamata in rubuta abin da na gani domin ƙannenmu da ke shirin nema, da iyayen da har yanzu suke tambaya ko abin gaskiya ne. Gaskiya ne. An biya mini kuɗin makaranta, an turo mini kuɗin ɗawainiya, ban san kowa a Abuja ba, ban kuma ba wani ko sisin kwabo ba. Sai dai kuɗin ba su iso a lokacin da ake buƙatarsu ba, kuma a wurin ɗalibin da gidansu ba su da abin da za su ranta masa kafin su iso, wannan jinkiri shi ne ke raba wanda zai zauna jarrabawa da wanda zai koma gida.

A takarda, jami'o'in tarayya ba sa karɓar kuɗin koyarwa daga ɗaliban digiri na farko, abin da suke karɓa shi ne kuɗin rajista da na jarrabawa da ɗakin karatu da asibiti da ɗakin gwaje-gwaje da makamantansu. Waɗannan ƙananan kuɗaɗe ne suka kumbura a 2023, shekarar da aka cire tallafin man fetur, har suka zama nauyin da gidaje da yawa suka kasa ɗauka. A Jami'ar Legas, inda a da ɗalibai ke biyan kimanin naira 19,000, sabon kuɗin masu karatun likitanci ya haura naira 190,000 kafin zanga-zangar ɗalibai ta sa a rage. A Arewa ma haka abin ya kasance a Maiduguri da Kano da sauran wurare, har gwamnatin Kano ta ɗauki nauyin biya wa ɗalibai 7,000 'yan jihar da ke Jami'ar Bayero, ita kuma gwamnatin Kaduna ta rage kuɗin jami'ar jihar daga naira 150,000 zuwa 105,000. A tamu makarantar kuɗin sashenmu ya haura naira 100,000, mahaifina kuwa ɗan fansho ne, kuma ba ni kaɗai yake ɗawainiya da shi ba.

Dokar bashin karatu ta farko da Shugaba Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ba za ta amfane mu ba ko kaɗan. Ta gindaya sharaɗin cewa kuɗin shigar gidan ɗalibi kada ya kai naira 500,000 a shekara, ta kuma nemi masu tsaya wa mutum guda biyu daga cikin manyan ma'aikatan gwamnati da suka kai mataki na 12, ko lauyan da ya shekara 10 yana aiki, ko ma'aikacin shari'a. Ɗan manomi da ya fito daga ƙauye, wanda aka ce dominsa aka yi dokar, ina zai samo irin waɗannan mutane? An soke ta aka maye gurbinta da wata a watan Afrilun 2024, aka cire sharaɗin kuɗin shiga da na masu tsayawa, aka ware wa asusun kashi 1 cikin 100 na harajin da hukumar tara haraji ta tarayya ke tattarawa, sannan aka buɗe shafin nema a ranar 24 ga Mayun 2024. Ina ganin wannan gyara shi ne mafi alherin abin da aka yi a cikin shirin baki ɗaya, domin shi ya mayar da bashin abin da talaka zai iya nema da kansa, ba sai ya je ƙofar wani babba ya durƙusa ba.

Neman kansa ba shi da wahala ga wanda takardunsa suka daidaita. Ana buƙatar lambar JAMB da lambar NIN da lambar BVN da lambar shaidar ɗalibi ta makaranta, a ɗora takardar samun gurbin karatu, a ba da lambar asusun banki, sannan a zaɓi ko kuɗin makaranta kawai ake so ko a haɗa da na ɗawainiya. Da wayata na yi komai, ban je shagon intanet ba. Abin da ya fi tsayar da abokan karatuna shi ne saɓanin suna, matsalar da ta fi damun mu 'yan Arewa: Muhammad a takardar JAMB, Mohammed a banki, Muhammed a katin ɗan ƙasa, ko kuma sunan mahaifi ya zo farko a wuri ɗaya, ya koma ƙarshe a wani, ko a sami sunan gari a wata takarda babu shi a wata. Gyaran irin wannan yana cin lokaci da kuɗi, saboda haka duk wanda ke da niyyar nema ya fara jera takardunsa ya duba su harafi bayan harafi tun kafin a buɗe shafin. Abu na biyu shi ne, shafin ba zai gane ɗalibi ba sai makarantarsa ta ɗora bayanansa, kuma a nan ne al'amarin ya fita daga hannun ɗalibi.

Tsarin shi ne asusun yana tura kuɗin makaranta kai tsaye zuwa ga jami'a, ba ya bi ta hannun ɗalibi. Na yarda da hikimar hakan, domin kuɗin da aka tanada don rajista idan suka faɗa aljihun matashi mai yunwa ba lalle ne su isa inda aka nufa ba. Matsalar ita ce kalandar jami'a da ta asusun ba sa tafiya tare. Jami'ar da nake karatu, wadda ba zan ambaci sunanta ba, ta makara wajen ɗora bayananmu, sannan ta sanya ranar rufe rajista ba tare da la'akari da waɗanda aka amince da buƙatarsu suna jiran biya ba. Shafin ya nuna an amince mini, amma a ofishin kuɗi na makaranta aka ce mini amincewa ba rasit ba ce, wanda bai biya ba ba zai yi rajistar kwasa-kwasai ba, wanda kuma bai yi rajista ba ba shi da katin jarrabawa. Kawuna ne ya ranta mini na biya, bisa alƙawarin zan mayar masa da zarar an maido mini nawa. Kuɗin asusun sun shiga makaranta daga baya, amma ba wanda ya sanar da mu, kuma maido wa waɗanda suka riga suka biya ya ɗauki watanni ana cewa a cike fom, a kawo rasit, a dawo mako mai zuwa.

Ni na yi sa'ar kawu. Akwai waɗanda muka shiga aji ɗaya da su da ba su da wanda zai ranta musu, kuma na san wanda ya jingine karatunsa na shekara guda alhali sunansa yana cikin waɗanda aka amince wa. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a cikin shirin, domin jinkirin ba ya cutar da mai hali, wanda zai biya ya jira a maido masa, yana faɗawa ne kan mutumin da aka kafa asusun dominsa. Kuma ba makarantarmu kaɗai ba ce. A watan Afrilun 2025 hukumar wayar da kan jama'a ta ƙasa, wato NOA, ta fito fili ta zargi wasu makarantu da karɓar kuɗin ɗalibai ba tare da sun sanar da su ba, har hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta shiga bincike. Gyaran da ake buƙata ba ya neman sabuwar doka ko ƙarin kasafi. Duk ɗalibin da shafin ya nuna an amince masa, a buɗe masa rajista nan take, makaranta ta jira kuɗinta daga asusun, tunda gwamnati ɗaya ce ke da jami'ar da asusun. Ranar da kuɗi suka shiga kuma a tura wa ɗalibi saƙo a waya, a kuma ƙayyade wa'adin da makaranta za ta maido wa wanda ya riga ya biya.

Kuɗin ɗawainiya naira 20,000 ne a wata, kuma su suna shiga asusun bankin ɗalibi ne kai tsaye. Idan aka raba su kwana talatin ba su kai naira 700 a rana ba, abin da ba zai sayi kwanon abinci mai nama a kantunan cikin makaranta ba, balle a yi maganar kuɗin mota ga wanda ke zaune a waje, ko kwafin darussa da data. Duk da haka ban raina su ba. Wanda ya iya dafa wa kansa, ya sayi mudun shinkafa da wake da garin kwaki da manja a farkon wata, zai ga cewa sun rage masa kiran gida, kuma rage kiran gida ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san halin da gidan ke ciki. Abin da ɗalibi zai sani shi ne kada ya ɗora lissafinsa kan wata rana tsayayya ta wata, kuma asusun ya sanar cewa biyan yana bin kakar karatu ne, wanda ke nufin sai an sabunta nema a kowace shekara.

Bashin ba shi da kuɗin ruwa, kuma wannan ne ya sa iyaye da yawa a wajenmu suka saki jiki da shi, domin tambayar farko da mahaifina ya yi ita ce ko akwai riba a ciki, da ya ji babu sai ya ce in nema. Ba a fara karɓar biya sai bayan shekara biyu da kammala bautar ƙasa, inda za a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi ta hannun wanda ya ɗauki mutum aiki, mai sana'ar kansa kuma ya riƙa biyan kashi 10 na ribarsa. Wanda bai sami aiki ba yana iya neman a ɗaga masa ƙafa da takardar rantsuwa, wanda kuwa ya yi ƙarya a rantsuwar dokar ta tanadar masa ɗaurin shekara uku. Idan mutum ya rasu ana iya yafe bashin. Waɗannan sharuɗɗa masu sauƙi ne ƙwarai idan aka kwatanta da na kowane banki.

Amma ina so ƙannenmu su yi lissafi kafin su danna neman duka biyun. Ɗalibin da kuɗin makarantarsa ya kama naira 120,000 a shekara, ya kuma karɓi na ɗawainiya wata 12 a kowace shekara, zai fita daga digirin shekara huɗu da bashin naira 1,440,000, kuma kashi biyu cikin uku na wannan adadi na ɗawainiya ne. Idan ya sami aikin da ake biyan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, cirewar naira 7,000 a wata za ta ɗauke shi kimanin shekara 17, idan kuma albashin ya kai naira 150,000 zai gama cikin shekara 8. Gaskiya ne hauhawar farashi za ta rage nauyin bashin tunda adadinsa ba ya ƙaruwa, kuma wannan riba ce ga wanda ya ci, amma asara ce ga asusun da ake sa ran zai ranta wa na baya. Na ji abokai da dama suna cewa ai kuɗin gwamnati ne, rabonsu ne na arzikin ƙasa, ba wanda zai biyo su. Ban yarda da wannan magana ba, ta fuskar addini da ta fuskar tarihi. An taɓa kafa hukumar ba ɗalibai rance a 1972 zamanin Janar Gowon, rashin biya na cikin abin da ya durƙusar da ita, bankin ilimi da aka yi wa doka a 1993 kuwa bai je ko'ina ba. Idan mu muka ƙi biya, ƙannenmu ne za su tarar da asusu babu komai a ciki, ban da cewa lambar BVN da NIN da muka bayar da hannunmu sun sa ɓuya ta yi wuya fiye da zamanin iyayenmu.

Ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta daɗe tana adawa da shirin, tana cewa tallafi ya kamata a ba ɗalibai ba bashi ba, kuma a zuba kuɗin a cikin jami'o'in kansu. Ina ganin akwai gaskiya a ɓangare ɗaya na maganarsu, wato tsoron kada samuwar bashin ta zama hujjar da makarantu za su riƙa ƙara kuɗi duk shekara, suna cewa ai akwai mai biya. Idan haka ta faru, ɗalibi ne zai ɗauki ƙarin a wuyansa har bayan ya yi aure ya haifi 'ya'ya. Sai dai a shekarar da kuɗin sashenmu ya ninka, babu wani tallafi a gabana da zan zaɓa in bar bashi, abin da ke gabana shi ne bashin ko barin karatu. Ya kamata a kuma sani cewa ɗaliban jami'o'i masu zaman kansu ba sa cikin shirin.

Shawarata ga ɗalibin jami'ar gwamnati da kuɗin rajista ke neman fin ƙarfin gidansu ita ce ya nemi na makarantar ba tare da jinkiri ba, a makon farko da aka buɗe shafin, ya kuma bi sashen da ke ɗora bayanai a makarantarsu ya tabbatar sunansa ya hau. Na ɗawainiya kuwa ya zauna da iyayensa su duba, idan gida na iya turo masa abinci ko yana da 'yar sana'ar hannu, barinsa zai rage masa fiye da rabin abin da zai biya gaba. Wanda wa'adin rajista ya matsa masa har ya ranto ya biya, ya adana rasit ɗin Remita, wato hanyar biyan kuɗin gwamnati ta intanet, da na banki da hoton shafin da ya nuna an amince masa, ya kuma gaya wa wanda ya ranta masa tun farko cewa maidowar na iya ɗaukar watanni, domin kada zumunci ya ɓaci a kan jinkirin da ba shi ya jawo ba. Ni kaina zan sake neman na makaranta a kaka mai zuwa, amma na ɗawainiya zan bar shi, tunda na sami darasin yamma da nake koya wa yaran sakandare a unguwar da nake zaune.