Mai gyaran famfon da ya ƙi cike mana rami da siminti

Gidanmu na Tudun Wadan Zariya marigayi Baba ne ya gina shi a shekarun 1970, lokacin da wanki da wanke-wanke duk a tsakar gida ake yi. A wata kusurwa akwai ɗan rami mai murfin ƙarfe mai huji-huji, ta nan ruwa ke bi ya faɗa cemba, wato ɗan akwatin siminti da bututai ke haɗuwa a ciki, ya wuce sokawe. Da iyali suka ƙaru aka rufe ɓangaren da kwano, aka shimfiɗa tayil, ya zama kicin. Ramin da aka yi don filin Allah sai ga shi a cikin ɗaki, dab da inda nake ajiye buhun shinkafa.

Mun sha wari ba kaɗan ba, irin na ruɓaɓɓen ƙwai, musamman da asuba. Na zuba Izal, na zuba tafasasshen ruwa, turaren wuta kuwa har na gaji da saye. Kyankyasai ma ta nan suke hawowa. Baƙuwa in ta shigo sai ki ga tana satar kallon kwandon shara, alhali kwandon bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ƙanwar maigidana ce ta haɗa ni da wani mai gyaran famfo daga Sabon Gari. Buƙatata ɗaya: ya kwaɓa siminti ya cike ramin kowa ya huta. Ya tsuguna, ya ɗaga murfin, ya haska da fitilar waya, sannan ya sa ɗana ya je ya kwara bokiti guda a masai. Muna tsaye sai sinkin kicin ya fara ƙululu-ƙululu kamar cikin mai jin yunwa.

"Hajiya, kin ji ko? Ba ƙazanta ba ce, iska ce ba ta da hanya."

Ya zana mini a bayan kwalin ashana. Ƙarƙashin kowane sinki da kowane rami irin wannan akwai lanƙwasa da ke riƙe ruwa, kamar inci biyu, kuma wannan ɗan ruwan shi ke tare warin sokawe. Idan ruwa mai yawa ya gangara babban bututu yakan ja iska a bayansa. In babu inda iskar za ta shigo, sai ya zuƙe ruwan lanƙwasar, hanya ta buɗe wa wari da kyankyaso. Ashe Baba ya sa bututun iska na ƙarfe a bayan banɗaki, masu rufin kicin ne suka yanke shi suka toshe don ya tare musu hanya.

Siminti kuwa ya ce ko da kuɗi ba zai zuba ba. "Ranar da maiƙo da guntun tuwo suka toshe layin, ta ina za a zura sanda? Tayil ɗinki za a fasa." A lokacin na ji haushi, na ɗauka neman ƙarin aiki yake.

Bututun sinki sai ya haɗa shi da babban bututu kai tsaye ta ƙasa, da lanƙwasarsa sabuwa. Ramin ya sa masa murfi mai roba a baki da sukuru huɗu, ya shafa giris, yadda iska ba ta fita amma ana iya buɗewa. Sai ya ɗaga bututun roba mai inci huɗu ta jikin bango daga waje, bai huda kwano ba, ya kai shi sama da rufi nesa da taga, ya sa masa hula da raga saboda sauro da ƙadangaru. A ƙarƙashin sinki, da yake ya yi nisa da wancan, ya ƙara wani ɗan bawul mai barin iska ta shiga amma ba ta fita. Ya ja kunnena cewa wannan ba ya maye gurbin na saman rufi, domin iskar sokawe dole ta samu mafita.

Yana da nasa. Ya ce kwana ɗaya, aka yi uku, rana ta biyu ma sai bayan la'asar muka gan shi. Kuɗin murfin bai sa a lissafin farko ba, sai da aiki ya yi nisa ya faɗa. Ya kuma fasa mini tayil biyu da babu irinsu a kasuwa yanzu, har gobe idona na kaiwa wajen. Mai son kiransa ya sa ya rubuta komai a takarda tun farko.

Damina ta wuce ba wari. Da hunturu ya kama sai na fara jin ɗan tsami daga banɗakin baƙi, wanda ba kasafai ake shiga ba. Na kira shi gabana na faɗuwa. Ya ce bushewar iska ce ta shanye ruwan lanƙwasar, in riƙa juye buta guda a magudanar duk mako. Ko zuwa bai yi ba, bare ya karɓi sisi.