Jirgin fito na tsibirin Easdale: abin da na gani

Da na je Gilasgo bikin kammala karatun ɗiyata, mijinta ya nace sai mun leƙa Easdale, wani ɗan tsibiri da ke gaɓar yammacin Sikotland, kudu da garin Oban. Tun da na dawo Kaduna abokan aiki ke tambayata ko wurin ya kai a sha wahalar zuwansa, kuma kullum amsata ita ce ya kai.

Daga ƙauyen Ellenabeich ake shiga jirgin fiton, wanda kwalekwale ne mai inji, marar rufi, kuma ƙetarawar ba ta wuce minti biyar. Matuƙin ya riƙe hannuna har sai da na zauna daidai kafin ya tashi, abin da ya kwantar mini da hankali ƙwarai, domin ban saba da teku ba. Babu mota a tsibirin. A bakin gaɓa an jera baro masu launi iri-iri, da su mazauna ke kwashe kayansu zuwa gida kamar yadda 'yan dako ke yi a Kasuwar Barci.

Ramukan haƙar dutse su ne suka fi tsaya mini a rai. Ɗaruruwan shekaru aka yi ana ciro wani baƙin dutse a nan, mai ɓarewa falle-falle, ana loda shi a jirage domin rufin gidaje a garuruwa masu nisa, har zuwa watan Nuwamba na 1881, lokacin da guguwa ta kora ruwan teku cikin ramukan, sana'ar kuma ba ta sake komawa yadda take ba. Yau ramukan cike suke da ruwa mai zurfi, shiru kamar kududdufan da ake bari bayan an ɗebi ƙasar gini a Zariya, sai dai waɗannan tsaf suke, babu shara. A ɗaya daga cikinsu ake gasar duniya ta jifa da falalen dutse a kan ruwa kowane watan Satumba. Na tsinci wani guntu, na ga ƙananan ƙwayoyi suna ƙyalli a jikinsa kamar zinariya, alhali ma'adinin ƙarfe ne.

Abin da zan gargaɗi mai niyyar zuwa shi ne sanyi da santsi. Yayyafi ya jiƙa mu tun cikin jirgi, hanyoyin kuma tarkacen dutse ne, don haka dattijo mai ciwon gwiwa ya nemi takalmi mai riƙe ƙasa da rigar ruwa tun daga Oban.