Toshewar jijiyar jini a ƙafa: buɗewa daga ciki ko tiyatar kewaye?

Masu jinyar iyaye sun sha tambayata wanne ya fi: a zura siririn bututu a buɗe jijiyar da balan-balan, ko a yi tiyata a ɗinka wa jinin sabuwar hanya ta kewaye toshewar.

Ta fuskar sauƙi, buɗewa daga ciki ce kan gaba. Huda ce ƙarama a matsematsi, galibi da allurar kashe zafi, a koma gida cikin kwana ɗaya ko biyu. Tiyata kuwa akwai yanka da doguwar jinya, tsohon da zuciyarsa ta raunana ba lallai ya jure ba.

Wajen daɗewa ne lissafin ke juyawa. Jijiyar da aka buɗe takan sake tsukewa, musamman a ƙasan gwiwa ga masu ciwon suga, inda jijiyoyin sirara ne kuma sun ƙandare. Sai a sake aiki, a sake biya. Binciken BEST-CLI na 2022 ya nuna waɗanda ke da lafiyayyar jijiya a ƙafarsu da za a ciro a ɗinka sun fi samun sakamako mai kyau da tiyata. Amma binciken BASIL-2 na 2023, kan toshewar ƙasan gwiwa, ya karkata ga buɗewa daga ciki. Mai ciwon ƙoda kuma, ruwan da ake ɗura wa jijiya don ɗaukar hoto yayin buɗewa daga ciki na iya ƙara masa lahani. Mutane kan manta da wannan.

Mai sauran ƙarfi, da doguwar toshewa da jijiya mai kyau da za a ciro a ɗinka, tiyata ta fi dacewa da shi. Tsoho mai rauni, ko mai gajeriyar toshewa, ya fara da bututun.