Kafin ka sayi manhajar da za ta riƙa amsa maka tambaya daga rumbun bayananka

Maigidana, Alhaji, ba ya son kallon tebur mai layi ɗari. Idan ya shigo sito da safe abin da yake tambaya shi ne: wane dila ne ya wuce kwana 30 bai biya ba, kuma za a iya ƙara masa kaya? Tambaya biyu ce a dunƙule. Ta farko rumbun bayanai ne ke amsa ta, lissafi ne kawai. Ta biyu hukunci ce, hukuncin kuwa yana cikin kan Alhaji, wanda ya shekara talatin yana sayar da sukari da man girki. Duk manhajar da za ka saya, ka fara duba ko ta san bambancin waɗannan biyun.

Wanda na zaɓa, kuma har yau ban yi nadama ba, haɗin abu uku ne. Bayananmu suna cikin PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai. A kansa akwai injin ƙa'idoji, irin manhajar da ake zuba wa ilimin gwani a siffar "idan kaza, to kaza". Mu CLIPS muka ɗauka, wadda hukumar NASA ta fara ƙerawa a 1985, kyauta ce, kuma ba ta da nauyi. Wanda ma'aikatansa suka saba da Java, wato wani yaren rubuta manhaja, injin ƙa'idoji na Drools ma zai yi masa. Na ukun shi ne ɗan tafinta mai ƙirƙirarriyar basira, aikinsa ɗaya tal: ya karɓi tambayar Alhaji ya mayar da ita SQL, yaren da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, ya nuna mini abin da ya rubuta. Ba shi da hurumin yanke hukunci.

Abin da ya sa nake son wannan tsari shi ne yana faɗin dalilinsa. Idan ya ce a tsayar wa wani dila da kaya, zai nuna ƙa'idar da ta kama shi: ya wuce kwana 30, bashinsa ya haura rabin abin da ya saba ɗauka a wata, kuma ba a cikin azumi muke ba, don lokacin azumi Alhaji kan sassauta. Wannan dabara tsohuwa ce. MYCIN, da aka gina a Jami'ar Stanford cikin shekarun 1970 don taimaka wa likitoci kan cututtukan da ƙwayoyi ke jawowa a jini, tana da ƙa'idoji kusan 600, kuma likita na iya tambayar ta me ya sa ta faɗi haka, ta jero masa matakan da ta bi. Wani amfanin da ban zata ba: ranar da muka zauna rubuta ƙa'idojin ne muka gano Alhaji da babban ɗansa kowa da irin tasa fassarar "dila nagari". Sai da suka daidaita kafin a rubuta layi ɗaya.

Yana da wahalarsa. Manhajojin kyauta ne amma mai haɗa su ba kyauta ba ne, kuma ƙa'ida na tsufa. Duk sanda farashi ya yi tsalle sai an koma an gyara adadin.

Sauran fa? Power BI na Microsoft ya dace da wanda aikinsa zane-zanen rahoto ne, amma bai san hukuncin gidanka ba. ThoughtSpot na manyan kamfanoni ne masu biya da dala. Cortex Analyst na Snowflake da Genie na Databricks sai bayananka suna rumbunsu tukuna. Kwashe lissafinka ka zuba wa ChatGPT kuwa, wannan ba saye ba ne, ganganci ne. Ka kuma tuna manyan kamfanoni kan janye irin wannan kaya: Microsoft ta cire English Query daga SQL Server 2005, Tableau ta yi ritayar Ask Data a 2024. Ƙa'idojin da ke rubuce a fayil ɗinka babu mai janye su.

Inda na ƙone kuwa wajen 'yan talla ne. Wasu samari biyu suka zo da kwamfutar tafi-da-gidanka da Turanci mai daɗi, suka ce tasu "tana fahimtar kasuwanci". Duk tambayar da suka yi mata sai ta amsa nan take. Ban lura ba cewa da bayanan da suka zo da su suke gwajin, tsaf-tsaf, babu sunan dila ɗaya da aka rubuta iri uku. Muka biya rabin kuɗi. Mako na uku ta ce wani tsohon abokin cinikinmu ne kan gaba a bashi, na kira shi da kakkausar murya, ashe kayan da ya dawo da su ta lissafa a matsayin saye. Na sha kunya, Alhaji da kansa ya je ba da haƙuri. Da muka matsa sai ta bayyana babu wasu ƙa'idoji a ciki, tambaya da sunayen mutanenmu take turawa wani kamfani a waje ta dawo da amsa. Bayan ga Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda nauyinta a wuyanka yake kai mai riƙe da bayanan.

Don haka kada a yi maka gwaji sai da kwafin naka bayanan, da duk dattinsu. Yi tambayar da ka riga ka san amsarta. Sannan ka tambayi abin da babu shi a rumbun sam, misali launin motar wani dila. Ta gaskiya za ta ce babu, ta bogi za ta ƙago maka. Maimaita tambaya ɗaya sau uku, kana sauya kalmomi, ka ga ko adadin zai tsaya. Gwada ta da Hausa irin wadda ake yi a sito, da "kwali" da "buhu" da "jarka", ba Hausar littafi ba. Cire wayar intanet ka ga abin da zai rage yana aiki. Idan suka fara yi maka alfahari da makin da suka ci a Spider, gwajin da masu bincike a Jami'ar Yale suka fitar a 2018 mai tambayoyi sama da 10,000, ka ce madalla, amma Spider bai taɓa ganin littafin bashinka ba.

Ka nemi su buɗe maka fayil ɗin ƙa'idojin ka karanta da idonka. Wanda ya ce sirrin kamfani ne, raka shi bakin ƙofa. Kuma ko wace ce ka ɗauka, asusun da za ka ba ta a rumbun ya zama na karatu kaɗai, wanda ba ya iya gogewa ko sauya ko da layi ɗaya. Sai ta yi wata guda amsoshinta na dacewa da na akawunka kafin ka biya cikon kuɗin.