Asusun rabon riba ko asusun faɗin kasuwa: amsa ga Malam mai shirin ritaya

Malam ya kawo tambaya a zaurenmu, ga ta a taƙaice. Shekarunsa 52, saura shekara takwas ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya sayar da wani filinsa a wajen Kumbotso an ba shi naira miliyan shida, ɗansa kuma ya ba shi shawarar ya zuba kuɗin a abin da ake kira ETF. Da ya bincika sai ya tarar iri biyu ake yawan yabo, wato wanda ke raba riba a kai a kai da wanda ke sayen kasuwa baki ɗaya, shi ne ya nemi a jera masa su gefe da gefe ya ga wanda ya dace da mai shirin ajiye aiki.

Malam, bari in fara da abin da ya haɗa su. ETF asusu ne da ke tara hannayen jarin kamfanoni masu yawa wuri guda, sannan a yanka shi ƙanana a riƙa saye da sayarwa a kasuwar hannun jari kamar hannun jarin kamfani ɗaya. Kamar dilar atamfa ce a Kantin Kwari wadda aka cakuɗa launuka a cikinta, sai aka ba ka damar sayen kaso a dilar maimakon ka zaɓi turmi guda. Mafi shahara a cikinsu, SPY, an buɗe shi a Amurka a watan Janairun 1993, yana bin ma'aunin S&P 500, wato manyan kamfanonin ƙasar kimanin 500. VOO na kamfanin Vanguard ma wannan ma'aunin yake bi. Waɗannan su ne na faɗin kasuwa. Na rabon riba kuwa, irin su SCHD da VYM, suna tsince kamfanonin da suka saba biyan masu hannun jari kuɗi a hannu, SCHD kamfani ɗari yake riƙewa, kuma dukkansu duk wata uku suke rabawa.

Abin da ke jan hankalin mai ritaya zuwa ga asusun rabon riba a fili yake: mutum ya saba jin ƙarar shigar albashi a waya, yana so ya ci gaba da jin ta ba tare da ya taɓa uwar kuɗinsa ba. To amma a nan ne na fi son Malam ya nutsu, domin ribar da ake rabawa ba daga sama take faɗowa ba, daga cikin dukiyar kamfanin ake ɗebo ta, kuma ranar da aka yanke haƙƙin karɓarta farashin hannun jarin yakan sauka daidai gwargwadon abin da za a raba. Ka ɗauka ka ajiye buhun gero a Dawanau, mai shago ya ɗebi kwano uku daga buhun ya aiko maka gida. Ka samu geron tuwo, gaskiya ne, amma buhunka ya ragu da kwano uku. Wanda mai shagonsa bai aiko masa da komai ba, in ya je da kansa ya ɗebi kwano uku, ai matsayinku ɗaya. Saboda haka mai asusun faɗin kasuwa yana iya yi wa kansa albashi ta hanyar sayar da ɗan abin da yake buƙata, kuma shi ke zaɓar ranar da adadin. Abin da ya kamata a auna shi ne jimillar abin da asusu ya haifar, rabo da tashin farashin asusun a haɗe, ba rabon kaɗai ba.

Sai maganar haraji, wadda ita ce ta fi karya lagon asusun rabon riba na Amurka ga ɗan Najeriya. Gwamnatin Amurka tana cire kashi 30 cikin 100 na duk ribar da aka raba wa baƙo wanda ƙasarsa ba ta da yarjejeniyar haraji da ita, Najeriya kuwa ba ta da wannan yarjejeniya. Mu yi lissafi da kuɗin Malam, mu ƙaddara dala tana naira 1,500 don sauƙin ƙidaya: miliyan shida ta zama dala 4,000. Idan asusun rabon riba ya raba kashi uku da rabi a shekara, wanda bai yi nisa da abin da SCHD ya saba bayarwa ba, dala 140 ke nan, a cire 42, a bar ka da 98, wato naira 147,000 a shekara, ko dubu goma sha biyu da 'yan kai a wata. Wannan ba zai riƙe cefanen gida na mako ɗaya ba a Kano ta yau. Asusun faɗin kasuwa kuwa abin da yake rabawa bai cika kaiwa kashi ɗaya da rabi ba, don haka harajin da ake yanka a jikinsa kaɗan ne, sauran ribar tana zaune a cikin kamfanonin tana aiki. Mutumin da har yanzu yake karɓar albashi, kuma ba zai taɓa kuɗin ba sai bayan shekara takwas, ba shi da dalilin da zai riƙa biyan wannan kashi 30 ɗin duk wata uku a kan kuɗin da zai sake mayarwa cikin asusun.

Ta fuskar baza jari ma na faɗin kasuwa ne a gaba, kodayake ba kamar yadda ake zuzutawa ba. Kamfani 500 sun fi ɗari, kuma akwai asusu irin VT da ke riƙe da dubban kamfanoni daga ƙasashen duniya. Sai dai ma'aunin S&P 500 yana bai wa kowane kamfani nauyi ne gwargwadon girmansa, har ta kai manyan kamfanoni goma, yawancinsu na fasaha irin su Apple da Microsoft da Nvidia, sun cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na asusun. Asusun rabon riba ya fi karkata ga tsofaffin kamfanoni na mai da magunguna da kayan masarufi da bankuna, waɗanda farashinsu bai cika tsalle ba, kuma wannan natsuwa ita ce alherinsa na gaskiya, ba zan tauye masa ita ba. Amma rabon ba alkawari ba ne. A watan Afrilun 2020, lokacin annobar korona, kamfanin Shell ya zaftare rabonsa karon farko tun yaƙin duniya na biyu, manyan bankunan Ingila kuma suka dakatar da nasu gaba ɗaya a shekarar.

A kuɗin kula da asusu ba su da wani bambanci mai yawa: VOO yana karɓar kashi 0.03 cikin 100 a shekara, SCHD kashi 0.06, wato a kan dala 4,000 ana maganar dala ɗaya zuwa uku ne.

Inda zancen yake sauya fuska a wurinmu shi ne halacci, kuma na san Malam ba zai so ya ci guminsa na shekara talatin da kokwanto ba. Duka nau'o'in biyu, a yadda suke na asali, suna ɗauke da abin da malamai ba su amince da shi ba. S&P 500 cike yake da bankuna masu ta'ammali da kuɗin ruwa da kamfanonin inshora, asusun rabon riba ma bai tsira daga wannan ba, domin bankuna da kamfanonin taba suna cikin waɗanda suka fi kowa rabawa. An yi asusun faɗin kasuwa da aka tace, irin su SPUS da HLAL, dukkansu an buɗe su a 2019, suna fitar da sana'o'in da aka haramta, sannan su fitar da kamfanin da bashi mai ruwa ya yi masa yawa. Ƙa'idar AAOIFI, hukumar da ke Bahrain mai tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, ita ce bashin kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajar kamfani a kasuwa, kuɗin shiga mai gurɓata kuma kada ya wuce kashi biyar, shi ma a fitar da shi sadaka don tsarkake ribar. Tacewar tana da farashinta: kuɗin kulawa ya kai wajen rabin kashi ɗaya cikin 100, kamfanonin sun ragu, nauyin na fasaha ya ƙaru, rabon ribar kuma ya koma ƙasa da kashi ɗaya. Ma'ana, wanda ya ɗauki hanyar halal a kasuwar Amurka ya riga ya ɗauki hanyar girman uwar kuɗi, ba ta rabo ba. Yadda za a fitar da zakkar irin wannan dukiya kuwa, sai Malam ya zauna da malamin da yake karatu a wurinsa.

A gida ma akwai irin waɗannan asusu a kasuwar hannun jari ta Najeriya, NGX. Vetiva Griffin 30 yana bin manyan kamfanoni talatin, amma bankuna sun yi yawa a cikinsa. Lotus Halal Equity yana bin ma'aunin Musulunci na kasuwar, duka biyun an sa su a kasuwa a 2014. Akwai kuma NewGold, wanda ke bin farashin zinariya kuma ba ya raba komai. Amfaninsu shi ne da naira ake saye, ta hannun dillali mai rajista da SEC, hukumar da ke sa ido a kan kasuwar hannun jari, a ajiye maka a asusunka na CSCS, wato ma'ajiyar hannayen jari ta kasuwar, babu neman dala. Matsalarsu ƙarancin masu ciniki. Na taɓa sa wani ɗan abin da nake da shi a kasuwa ta hannun wani dillali a nan Kano, ina buƙatar kuɗin makarantar yara. Ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa, na ga layin masu sayarwa a jere, layin masu saye kuwa mutum ɗaya ne, farashin da ya taya kuma ya yi ƙasa sosai da wanda aka rubuta na ƙarshe. Kwana huɗu ina kiran waya, daga bisani na sallama a yadda aka taya. Tun daga ranar nake duba tazarar da ke tsakanin tayi da sallama kafin in duba komai.

Sannan ga naira ita kanta. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a cikin 2024 ta haura 1,500, hauhawar farashin kaya kuma ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disambar shekarar. Fanshon Malam da naira za a biya shi, garatuti da naira, gidansa ma da naira ake kimanta shi, saboda haka baza jari na haƙiƙa a wurinsa shi ne wani yanki na dukiyarsa ya kasance a wajen naira. Wannan ba ya nufin babu haɗari. Daga ƙarshen 2007 zuwa watan Maris na 2009 ma'aunin S&P 500 ya zubar da fiye da rabin darajarsa, asusun rabon riba ma bai tsira ba, kuma 'yan Kano da suka sayi hannun jarin bankunan Najeriya da bashi a wancan lokaci sun san abin da 2008 ta yi musu. Wanda zai buƙaci kuɗinsa nan da shekara biyu bai kamata ya kai su ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Ga inda na tsaya, Malam. A shekaru takwas ɗin da suka rage, asusun faɗin kasuwa da aka tace ya fi dacewa da kai fiye da na rabon riba, saboda haraji da halacci da kuma cewa ba ka buƙatar rabon yanzu. Idan kuwa abin da zuciyarka ke so shi ne kuɗin da zai riƙa shigowa a sanannen lokaci, to ba asusun rabon riba na Amurka ne abokin gwadawa ba, sukuk ɗin gwamnatin tarayya ne, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci da ke biyan kuɗin haya maimakon kuɗin ruwa. Na farko an fitar da shi a watan Satumbar 2017, naira biliyan ɗari, na shekara bakwai, da kuɗin haya kashi 16.47 cikin 100 a shekara, ana biya sau biyu, kuma da naira dubu goma ake iya shiga. Da irin kuɗinsa aka yi aikin wasu manyan hanyoyi, har da ta Kano zuwa Maiduguri. Miliyan shida a wancan farashi tana ba da naira 988,200 a shekara, nesa da 147,000 da muka lissafa ɗazu, sai dai uwar kuɗin ba ta girma, kuma wanda ya karɓi miliyan shidansa a 2024 ya karɓi kuɗin da ba su sayen rabin abin da suke saye a 2017. Don haka ni da ni ne, zan raba kuɗin, kaso mafi girma a asusun faɗin kasuwa, sauran a sukuk, in shiga kasuwar a hankali cikin watanni maimakon rana ɗaya, sannan idan ritaya ta rage shekara uku in fara kwaso na kasuwa ina mayarwa sukuk kaɗan-kaɗan. In Malam yana cikin tsarin fansho da hukumar PenCom ke kula da shi, ya tambayi kamfanin fanshonsa batun asusu na shida, wanda ba ya hulɗa da kuɗin ruwa, domin a can ne mafi yawan tanadinsa yake kwance.

Manhajojin waya da ake sayen asusun Amurka ta cikinsu sun yi yawa, kuma ba a cinikin biri a sama: kafin ka tura ko sisi, ɗanka ya duba sunan kamfanin a jerin masu rajista na SEC, ya tambayi nawa suke cirewa wajen canja naira zuwa dala da dawo da ita, da kuma wane dillali ne a can yake riƙe da hannun jarin da sunanka. Harajin gado na Amurka yana hawa kan dukiyar baƙo ne idan ta wuce dala 60,000, kuɗin Malam bai je nan ba. Abin da ya fi kusa da kai shi ne ka rubuta sunan kamfanin da lambar asusun a takarda, ka haɗa da takardun gida, uwargida da babban ɗanka su san inda take, domin masu rabon gado ba za su iya raba abin da ke kulle a cikin wayar da ba wanda ya san lambar buɗe ta ba.