Gwajin gadon kansar mama a Jidda: shawarar ta yi kyau, aiko da sakamakon ne ya ɓata

'Yan uwa mazauna Jidda da Makka masu tambaya a kan gwajin nan, mun yi shi a wani asibitin kuɗi, kuma zaman farko da mai ba da shawara kan cututtukan gado ya burge ni ƙwarai. Ba ta bari an ɗebi jini ba sai da ta zana dangi hawa uku, tana tambayar wa ya yi ciwon, a ina ya fito masa, yana shekara nawa. Dangin uba ta fi nanatawa, don BRCA1 da BRCA2, ƙwayoyin halittar da matsalarsu ke ƙara haɗarin kansar mama, ta wajen uba ma ana gadonsu, kuma idan uwa ko uba na ɗauke da matsalar, kowane ɗa ko 'ya na da kashi 50 cikin 100 na gado. Ta ce a fara da yayarmu da ta riga ta yi ciwon, domin in lafiyayya ta fara aka ga ba komai, ba a san ko dama akwai abin a gidan ba. Gwajin kafin aure da Saudiyya ta wajabta tun 2004 daban ne, ba ya duba kansa.

Jini kwalba ɗaya suka ɗiba, sakamako ya fito a mako na uku.

A nan suka ɓata rawarsu da tsalle. Ta waya ya shigo, da daddare, da Turanci, saura kwana biyar a koma wajen mai shawarar. An rubuta VUS. Ma'anarsa an ga wani sauyi a ƙwayar halitta da ba a tantance ko yana da illa ba. Ba a cire mama ko ma'ajiyar ƙwan mace saboda shi, tarihin dangi ake ci gaba da bi, kuma yawancinsu daga baya ana gano ba su da illa. Mu 'yan Afirka ya fi fito mana, don bayanan da ake gwadawa da su galibi na Turawa ne. Bayanin minti goma kenan, amma yayar tamu, baiwar Allah, ta kwana biyar ba barci, har an kira Kano ana koke-koke.

Da aka koma, mai shawarar ta kwantar da hankalin kowa. Ta ce da sauyi mai illa aka samu, da sai 'yan mata su fara hoton MRI na mama (hoton cikin jiki da na'urar maganaɗisu) duk shekara daga shekara 25, a ƙara hoton mama na X-ray daga 30. Na so in ce sun wanke laifinsu, sai na tuna ba wanda ya faɗi wa zai kira mu in an sake tantance sauyin, sai da muka tambaya. Wannan sakaci ne babba.

Wanda zai je, ya ce kada a turo masa sakamako sai a gaban mai shawara, ya kuma karɓi kwafin rahoton mai ɗauke da cikakken sunan sauyin, don da shi ake bibiya.