Ezgif: Ya Iya Mayar da Bidiyo GIF, Amma a Kula da Nauyi

Cikin shafukan da ke mayar da guntun bidiyo hoto mai motsi, wato GIF, Ezgif na gaba-gaba wajen sauƙi. Ba ya neman rajista, ba ya karɓar kuɗi, kuma ba ya manna tambarinsa a jikin hoton da ya fitar. Talla dai akwai ta, a ƙaramar waya har tana iya sa yatsa ya kauce, sai a lura da inda ake dannawa.

Aikin ba wuya. A shiga sashen Video to GIF, a ɗora bidiyon, a rubuta sakan ɗin farawa da na tsayawa, a zaɓi faɗi da yawan hotunan da za su wuce a kowane sakan. A nan ne mutane da yawa ke ɓata aikinsu da hannunsu.

Tun 1987 kamfanin CompuServe ya fito da tsarin GIF, kuma har yau launi 256 kawai kowane hoto a cikinsa ke ɗauka, sauti kuwa babu. Bai iya matse motsi kamar yadda tsarin bidiyo na MP4 ke yi ba, shi ya sa bidiyon da bai kai komai ba kan fito ya ninka nauyinsa. Lissafin a fili yake: sakan 5 a kan hotuna 10 kowane sakan, hotuna 50 ke nan, a kai shi 25, sun zama 125. Idan kuma aka ninka faɗi da tsawo, ɗigon da ke cikin kowane hoto ya ninku sau huɗu. Don haka faɗin da bai wuce ɗigo 480 ba, hotuna 10 zuwa 12 a kowane sakan, tsawon sakan 3 zuwa 5, ya wadatar ga yawancin abin da ake turawa a hira.

Abin da ya fi fita da kyau shi ne bidiyon allon waya ko kwamfuta, da zane mai launi ɗaya a shimfiɗe. Bidiyon biki da aka ɗauka da daddare, hannu na rawa, shi ne abin tausayi. Duhun yana cike da ƙananan ɗigo-ɗigo da ke sauyawa a kowane hoto, sai nauyi ya hau, fuska kuma ta fito da layi-layi saboda launin bai isa ba. Wannan ba laifin shafin ba ne, iyakar tsarin ce.

Inda Ezgif ya ciri tuta shi ne sashen rage nauyi. Ana iya matse hoton da ɗan asarar inganci, a rage yawan launi zuwa 128 ko 64, ko a cire hoto ɗaya cikin kowane biyu. Sai dai wanda ya cire hotuna ya duba gudun motsin kafin ya sauke, domin idan ba a ƙara tazara tsakaninsu ba, mai tafiya zai koma mai gudu. Yanke gefen da ba a buƙata ya kamata ya zo kafin duk wannan.

Babban aibinsa data. Dole a ɗora bidiyon gaba ɗaya kafin a yanka, ko da sakan uku ake so daga cikin minti goma. A fara yankewa a waya. Kuma bidiyon iyali ko takardun sirri, a tuna ana ɗora su ne a kwamfutar wasu.

Wanda WhatsApp kaɗai ya nufa ma ba ya buƙatar shafin: idan guntun bai wuce sakan 6 ba, maɓallin GIF na fitowa a wurin yankewa. Mai ɗorawa a X (tsohon Twitter) kuwa ya tsaya ƙasa da 5MB daga waya, 15MB daga kwamfuta, in ba haka ba za a ƙi karɓa.